Wasiƙar da Ta Kori Falmata Daga Makaranta

Ku yaran nan da ke aiki a shagon buga takardu na ɗan ƙanwata a Moduganari, duk ranar da na shigo shan iskar fanka sai in ji kuna cewa rubuta wasiƙa ba sana'a ba ce. Wai mutum ya buɗe waya, ya nemo wadda wani ya riga ya rubuta, ya canza suna da kwanan wata, aiki ya ƙare. Jiya ma ina kallo ɗayanku ya buga wa wata tsohuwa takardar neman haƙƙin mijinta da ya rasu, ya manta bai goge layin da ke cewa ita matashiya ce mai sha'awar aiki da kamfani ba. Na ƙyale shi don shagon ba nawa ba ne. Amma tunda yau babu wuta, injinanku sun yi barci, ku matso da benci ku ji.

Shekara talatin da 'yan kai na yi a gindin wata bishiyar maina, wato darbejiya, kusa da gidan waya, da tebur ɗaya, benci ɗaya, da tafireta. Sunana Bukar, to amma a garin nan in ka ce Bukar mutum goma za su waiwayo, shi ya sa aka liƙa mini Bukar Tafireta. A Mafoni aka haife ni, ubana Bahaushe ɗan koli, uwata Kanuri, don haka na tashi da harshe biyu a baki. Na uku, wato Turanci, a wajen maigidana Oga Okoro na gyara shi, wani Inyamuri da ya taɓa aikin akawu a kotu kafin ya kafa teburinsa a gindin mainar.

Wata uku cur Oga Okoro bai bar ni na danna harafi ko ɗaya ba. Aikina in wanke haruffa da tsohon buroshin haƙori da kananzir, in juya ribon idan tawadarsa ta fara dishewa, in jera takarda da kabon, wato baƙar takardar nan da ake sawa a tsakiya don kofi ya fito. Ranar da ya fara ba ni aiki, takardar wani mai sayar da fata ce, sai na sa kabon a baibai. Kofi ya fito fari tas, rubutun kuma ya manne a bayan takardar asali. Oga ya ɗaga ta sama ya nuna wa duk mai wucewa har la'asar.

Tafireta ba ta san ƙugiyar Hausa ba. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, sai ka gama bugawa ka bi da biro kana lanƙwasa musu kai ɗaya bayan ɗaya. Wani manomi ya taɓa zuwa in rubuta wa ƙanensa da ke Ikko cewa ƙura ta kwantar da Baba amma da sauƙi, ƙurar masussuka yake nufi, tsohon yana da ciwon ƙirji. Na manta ƙugiya. Kwana huɗu sai ga ƙanen ya sauka daga mota a firgice, yana tambayar yadda aka yi kura ta shigo har cikin gida. Shekara biyu mutumin nan in ya hango ni sai ya yi kukan kura.

Dokokin Oga Okoro ba su da yawa. In Kanuri ya ce maka “shi”, tambayi suna, don a harshenmu na wajen uwa babu bambancin shi da ita, mutum zai yi ta cewa “shi” alhali matarsa yake nufi. Sunan marubuci kuma ba ya shiga wasiƙa, kai baki ne kawai aka ara. Babbar dokar ita ce karantawa. Kafin mai wasiƙa ya dangwala yatsa a tawada, dole ka mayar masa da ita cikin harshensa, layi bayan layi.

“Bukar, karanta masa abin da ka rubuta,” haka yake cewa da Hausarsa ta kasuwa. “Hannunka ne ya buga, amma yatsansa ne zai je kotu.”

Na ga shekaru masu daɗi, lokacin da benci ba ya ɗaukar mutane, har na sa wa teburina leda mai furanni. Na ga kuma shekarar da wayar hannu ta shigo gari. Masu aika gaisuwa Ikko da Fatakwal suka ɓace kamar an share su, shaguna irin naku suka buɗe da kwamfuta, Oga Okoro ya naɗe kayansa ya koma garinsu ya bar mini tafireta. Akwai satin da babu wanda ya tsaya gabana sai wata akuya, ita ma kabon ta zo ci. Daga baya, a shekarun tashin hankali, aiki ya dawo amma irin wanda ba a so, takardun neman ɗa ko miji da ya fita bai dawo ba. Wannan ba zancen yau ba ne. Abin da na koya dai shi ne, muddin akwai ofis da mai jin tsoron ofis, marubucin wasiƙa ba zai kwana da yunwa ba.

Aikin da nake so ku ji ya zo ne wata bazara, bayan gari ya lafa. Ana ɗaukar ma'aikata a wani wuri, ranar ce ta ƙarshe, samari sun yi mini layi har bakin kwalta kowa yana son takardar neman aiki, ga rana kamar a soya ƙwai a kan tebur. Cikin wannan hayaniya ƙamshi ya riga mai shi isowa. Wata mata ce cikin lafaya, mai haɗa turaren wuta da humra a Umarari, ana ce mata Ya Kaltum.

“Wushe, Malam,” ta gaishe ni da Kanuri.

“Wushe, Ya. Me ke tafe da ke?”

“Yarona ne. Shi shekara biyu a aji uku, yanzu kuma sun ce zai sake. Kullum bulala, kullum kuka. Ka rubuta wa Hedimasta ya ji tausayi.”

“Sunansa?”

“Falmata.”

Na yi murmushi, na ce a raina tsohon hannu ba ya faɗa wa wannan tarkon. Na tambaye ta me ke damun yarinyar. Ta ɗora tafin hannu a kanta ta ce, “Kai ne, Malam. Karatu ba ya zama a kai.”

To, a nan Shaiɗan ya zauna a kan tafireta. Na ga matar ta ba ni tausayi, na ce bari in sa wa takardar nauyi yadda Hedimasta zai san ba ƙaramin marubuci ya buga ta ba. Akwai kalmar Turancin nan, mental. A ƙamus ba ta nufin komai sai abin da ya shafi ƙwaƙwalwa. A titin Maiduguri kuwa, in aka ce wane mental ne, saura ya fara jifa. Na san haka sarai, amma samari na ta “Baba, lokaci, Baba, lokaci”, sai na buga cewa yarinyar tana da matsalar mental, ana roƙon makaranta ta tausaya. Da na zo karantawa na dube ta na ce, “Kin ce karatu ba ya zama a kanta, kina roƙon a ji tausayi.” Ta ce haka ne, ta dangwala. Kun ga abin da na yi? Abin da ta faɗa na mayar mata, takardar kuwa wani abu daban ke cikinta.

Bayan sati biyu ƙamshin ya dawo, amma babu gaisuwa. In macen Kanuri ta tsaya a kanka ba ta ce wushe ba, fara neman hanyar gudu. Ta ajiye wata 'yar takarda a kan tafireta, a bayanta kuma ga wata siririyar yarinya mai kamar shekara tara, babu kayan makaranta a jikinta. Takardar daga Hedimasta ce. Ya ce bisa bayanin da uwa ta bayar da kanta, yarinya ta zauna a gida har sai an kawo shaida daga asibitin masu taɓin hankali, saboda lafiyar sauran yara.

“Me ka rubuta?” Ya Kaltum ta ce. “Ni na ce maka yarona mahaukaci ne? Yanzu a unguwa yara ba sa kiran sunansa, Mental suke cewa. Na zo a rage bulala, ka sa an kore shi.”

Na buɗe akwati na zaro kofin da kabon ya bar mini, don ina ajiye na kowa. Ga kalmar nan zaune a layi na huɗu. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun ranar kabon baibai, kuma wannan karon babu abin dariya a ciki. Na ce mata laifina ne, ta zauna. Ta ce ba zama ya kawo ta ba. Na ce to yarinyar ta zauna.

Abin da ya kamata in yi tun farko sai a ranar na yi shi, wato in dubi wadda ake rubutu a kanta. Na ɗauko wata tsohuwar jarida ta Hausa na karanta wa Falmata labari guda, layi kamar takwas, sau ɗaya tak. Na miƙa mata na ce karanta. Yarinyar nan ta zubo shi tiryan-tiryan, har da inda na tsaya na yi gyaran murya. Na ce, “Ya Kaltum, wannan ce ba ta karatu?” Uwar ta ce in juya shafi. Na juya. Falmata ta ƙura wa takardar ido, ta ɗora yatsa a kan kalmar farko, leɓenta na motsi, ta kai minti guda ba ta wuce ta ba. Ashe na farkon ma da kunne ta ɗauke shi.

“Me kike gani in kin duba?” na tambaye ta.

“Ba sa tsayawa, Baba,” ta ce a hankali. “In na kama wannan sai wancan ya shigo wurinsa. Mai ciki a gaba da mai ciki a baya duk ɗaya nake ganinsu.”

B da d take nufi. Uwar ta ce a Islamiyya babu wanda ya kai ta hadda, in malam ya biya sau biyu ta ɗauke. Kayan haɗin turare kuwa, sandal da hawi da farce da sauransu, ta san ma'aunin kowanne da ka, har takan gyara wa uwar in ta yi mantuwa. Na buga mata kalma uku a tafireta da tazara mai faɗi, kowace a layinta, na rufe sauran da ambulan. Da ƙyar da jan ciki ta karanta biyu. Ta ɗago ta dube ni kamar tana jiran mari, na ce mata a teburin nan ba a duka.

Ga wani sirrin sana'a da wayarku ba za ta gaya muku ba. Kafin ka rubuta wa babba, nemi ƙaramin da aikin zai faɗo a kansa. Washegari na rufe tafireta da tsumma, na hau keke zuwa Umarari, na jira aka tashi daga makaranta na tare malamar aji uku. Malama Rifkatu sunanta, 'yar kudancin Borno, doguwa mai saurin magana. Ina faɗin ko ni wane ne ta riƙe ƙugu.

“Au, kai ne mai Turancin? Baba, ka san aikin da ka ja mini? Na yi wa Hedimasta rantsuwa yarinyar nan lafiyarta ƙalau, ya ce ga takarda da yatsan uwarta.”

Ta ce ita ba ta taɓa dukan Falmata ba, masu duka malaman da ke shigowa darasin Turanci da na rubutu ne. Ta ce an taɓa tura su wani kwas inda aka yi musu bayanin yara irin wannan, masu kaifin kai amma haruffa na ruɗa su, har abin yana da suna, disleksiya. Ta ce in sa shi a sabuwar takarda. Na ce, “Malama, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ni da babbar kalma mun raba gari. Ke ki faɗe ta da bakinki in an zauna.” Na tambaye ta me za ta iya yi wa yarinyar gobe da safe ba tare da an sayo komai ba, ta lissafa mini, na rubuta a bayan ambulan.

Wasiƙa ta biyu ta ci mini yini guda, ni da nake buga ashirin kafin azahar. Wasiƙar roƙo da ta ce “a taimaka” ko “a tausaya” takardar ƙunsa ƙosai ce, don mai karantawa zai tausaya a zuciyarsa ya sa ta a durowa. Dole ka faɗi abin da kake so a yi, ya zama abin da mutum zai iya yi kafin ya tashi daga kujera. Na rubuta abin da Falmata ke iyawa tukuna, sannan abin da ke gagararta, da ƙananan kalmomin da ɗan aji huɗu zai gane. Na roƙi a mayar da ita aji, a zaunar da ita gaba kusa da allo, a daina tsayar da ita karatu a gaban yara ana dukanta a kan harafi. In jarrabawa ta zo, a karanta mata tambaya ta amsa da baki. Da na gama na karanta wa Ya Kaltum da Hausa, na sake da Kanuri, kowane layi yatsana na kansa. Ta tsayar da ni sau uku tana tambayar ma'anar kalma, kuma tana da gaskiya.

Ba a san marubuci da raka wasiƙa ba, amma wannan na raka ta, ni da Ya Kaltum da Malama Rifkatu, muka bar Falmata a baranda. Ofishin Hedimasta ɗan ɗaki ne da kabad ɗin fayil da taga ɗaya. Shi kansa ba mugun mutum ba ne, gajiyayye ne kawai, mai yara fiye da kujeru, kuma ba ya ƙare magana sai ya ce “kun gane ko?” Ya karanta takardar har ƙasa, ya buɗe fayil ya zaro ta farko, ya jera su a tebur.

“To wacce zan ɗauka? Wannan yatsan uwa, wannan ma yatsan uwa. In wani abu ya faru da ɗan wani, ni za a tambaya, kun gane ko?”

Malama Rifkatu ta jefa kalmar tata ta kwas. Hedimasta ya ja kujera baya kaɗan ya ce, “Ana ɗauka?” Ta ce ba a ɗauka, ba ciwo ba ne, yadda idon yarinyar da haruffa suke ne kawai. Ya ce duk da haka takarda takarda ce.

A nan na miƙe na cire hula, abin da ban taɓa yi a ofishin kowa ba. Na ce, “Ranka ya daɗe, yatsan nata ne, kalmar tawa ce. Matar nan ba ta jin Turanci. Cewa ta yi karatu ba ya zama a kan 'yarta, ni na ƙara gishiri don a ce na iya, kuma ban karanta mata abin da na buga ba. In akwai wanda za a tura asibiti a duba kansa, ga ni.”

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce ya ji, amma maganar jarrabawa da baki ba za ta yiwu ba, in ya yi wa ɗaya gobe iyaye za su cika masa ofis kowa ɗansa a karanta masa, kuma wa ya sani ko malama za ta riƙa raɗa mata amsa. Malama ta ce to ya gwada ta da kansa yanzu. Aka kira Falmata daga baranda. Ya ɗauko takardar jarrabawar da ta faɗi, wadda ta samu jan biro tun daga sama har ƙasa, ya fara karanta mata tambayoyin. Lissafi ta ba shi da ka. Sunayen ƙananan hukumomi ta jero masa har ya ce ya isa. Ya rufe takardar ya ce, to me ya faɗa wa yara a taron safe na ranar ƙarshe da ta zo makaranta?

Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi ƙasa, sannan ta maida hannu baya yadda yake yi, ta yi gyaran murya. “Duk wanda ya sake zuwa babu tsintsiya ranar Litinin, ni da shi ne. Makaranta ba gidan kakarku ba ce, kun gane ko?”

Malama Rifkatu ta toshe baki da gyale. Ya Kaltum ta zaro ido za ta kai mata duka. Hedimasta ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara, ya yi dariya har da share hawaye da hankici. Da ya nutsu ya ce zango ɗaya zai bayar na gwaji. Ta dawo gobe, ta zauna gaba, zai gaya wa malamai a ajiye mata bulala. Jarrabawa kuwa a ofishinsa za a yi, shi zai karanta, don kada a ce. Malama ta ce za ta riƙa zama da ita lokacin tara, wato hutun cin abinci. Ni kuma na ɗauki alkawarin buga mata darasin kowane sati da manyan tazara, layi ɗaya nan, ɗaya can, yadda haruffan za su rage cunkoso.

Na roƙi ya ba ni wasiƙar farko in yaga. Ya ce abin da ya shiga fayil ba ya fita, sai dai a ɗora masa gyara. Ya ba ni fallen takarda na rubuta da hannu cewa kalmar da ke layi na huɗu kuskuren marubuci ce, uwa ba ta faɗe ta ba, yarinya lafiyarta ƙalau. Ya ce in sa hannu. A shekara talatin na aiki wannan ce takarda ɗaya tilo da ke ɗauke da sunana, kuma tana can an maƙale ta da fil a kan abin kunyata.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya zama zuma. Wani malamin ya manta an hana, ya zane ta a sati na biyu, sai da Ya Kaltum ta sake yafa lafaya ta je. Sunan da yara suka liƙa mata bai fita da wuri ba, don fitar da kalma daga bakin yaran unguwa ya fi fitar da ita daga fayil wuya. Karatun ma tafiyar hawainiya yake yi. Duk Juma'a uwar kan biyo ta karɓi takardun da na buga, in tambaye ta yaya, ta ce, “Yana nan yana fama.” Ni dai ban fasa bugawa ba, har na gano cewa in na bar layi uku tsakani ta fi samun sauƙi a kan biyu.

Ranar da aka ba da sakamako suka zo tare, Falmata cikin kayan makaranta, uwar da ƙullin turaren wuta a leda. Wannan karon an yi gaisuwa har da tambayar iyali. Ya Kaltum ta miƙo katin ta ce in karanta mata, kuma in karanta abin da ke ciki. Na karanta. Karatu da rubutu har yanzu da saura, sauran darussa ta wuce da yawan 'yan ajin, an ciyar da ita aji huɗu, kuma Hedimasta ya rubuta da jan biro cewa tsarin da aka yi mata ya ci gaba. Uwar ta ce in maimaita wajen aji huɗun. Na maimaita da Kanuri, ta rufe fuska da gefen lafaya ta juya baya kamar mai kallon motoci.

Falmata kuwa tana tsaye jikin tebur tana shafa haruffan tafireta da yatsa. Can ta ce, “Baba, wai kai ne ka rubuta sunan nan da suke kirana?”

Na ce ni ne.

“Da gangan?”

“Kuskure ne, 'yata. Kalma ɗaya na sa ba daidai ba.”

Ta ɗan yi tunani. “Bulala nawa aka yi maka?”

Na ce ko ɗaya.

“Ni a da, harafi ɗaya bulala biyu ne,” ta ce. Babu fushi a muryarta, lissafi kawai take yi. Ta ƙara duban hannuwana ta ce, “Ka ci sa'a, Baba.”

Ta tattara takardun da na buga mata na hutu, ta daidaita bakinsu a kan tebur yadda ta ga ina yi, ta sa a jaka, ta kama hannun uwarta suka tsallaka titi neman keken Umarari.